Kwanon da Ba Nawa Ba

Shinkafa ce ta kai ni London. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara yi wa gwamnati yawa, aka ce mutanen Sin za su zo su koya mana noman rani a fadamar Haɗeja, ana neman wanda zai tsaya tsakaninsu da manoma. Ni ƙaramin malamin gona ne a lokacin, kuma abin da ya fifita ni a kan sauran shi ne ranar da takardar ta iso ni kaɗai aka tarar a ofis. Aka ce, "Isiyaku, za ka je ka koyo Sinanci." Na ce a ƙasar Sin? Aka ce a'a, a London. Ban ƙara tambaya ba, don a zamanin nan ko iyo gwamnati ta ce za ta tura ka koyo a Agadas, jakarka kawai za ka ɗaure.

Zangona na farko wani ofishi ne a Marylebone, inda ake karɓar ɗaliban da gwamnati ta turo. A bakin ƙofa na haɗu da wani ɗan ƙasarmu mai fara'a, ya rungume ni kamar tare aka yi mana kaciya, ya ce ba zai bari sanyin Turai ya kashe ɗan'uwansa ba. Ya sayar mini da wata kwat mai sheƙi, ya rantse irinta sojojin Rasha suke sawa. Kafin in isa tashar jirgin ƙasa na gane rigar ruwa ce, iska tana ratsa ta kamar gidan sauro. Ban sake ganinsa ba, amma na daɗe ina tuna shi, kullum da safe.

Makarantar kuwa wani gida ne a Plumstead, dogo siriri, mai hawa uku, a ƙarshen wani layi da ya hau tudu. Bayansa daji ne na baƙaƙen itatuwa marasa ganye, wanda ya miƙe har wajen Abbey Wood. Mai gidan, Malam Jang, ya tare ni a bakin ƙofa, ya yi mini Turancin da ya ce shi ne na ƙarshe da zan ji daga bakinsa.

"Daga wannan dokin ƙofar zuwa ciki, Sinanci kawai. Ranar Juma'a kana da rabin yini na fita. Bayan wata uku akwai jarrabawa, amma ba ta takarda ba ce. Za ka zauna gaban mahaifiyata ka yi mata magana. Ba ta jin kowane yare sai namu. In ta ce ta gane ka, ka zauna. In ta girgiza kai, zan rubuta wa gwamnatinku ka koma gida."

Na leƙa bayansa na hango wata 'yar tsohuwa a ƙofar kicin, da baƙaƙen kaya, gashinta fari fat an ɗaure shi a ƙeya. Ɗalibai suna kiran ta Nainai, wato kaka. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta koma ciki. Na tuna yadda Innata ta zagaya gida gida tana gaya wa mutane ɗanta ya tafi karatu Ingila. Ko ana ha-maza ha-mata, na ce a raina, ba zan koma Haɗeja bayan wata uku da bakin wofi ba.

Mu shida ne ɗalibai, sauran biyar duk Turawa. Ni na zo a makare, ɗakunan tsakiya sun cika, sai Malam Jang ya ɗan yi jim, ya ciro wani mabuɗi daga aljihu ya miƙo mini, ya nuna sama da yatsa. Bai raka ni ba. Ɗakin yana can ƙololuwa ƙarƙashin rufi, kuma da ganin ƙurar da ke kan tagar an daɗe ba a kwana a ciki ba. Akwai gadon ƙarfe, da wani kabad a kulle wanda ba a ba ni mabuɗinsa ba, da wani wari kamar na kwalta da kafur. Ta tagar ana hango kogi can nesa, jiragen ruwa suna wucewa suna kuka. A waje kuma, daf da ƙofata, akwai ɗan teburi da jan ƙyalle, an jingina wani ɗan allo na katako mai rubutun zinariya, ga kasko cike da yashi an soke turaren tsinke. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ashe su ma suna yi wa baƙo turare.

Satin farko yunwa ta kusa hallaka ni. A babban teburi ake cin abinci, kowa da 'yan sanduna biyu a hannu, ni kuwa nawa sai su harɗe su watsar da lomar a cinyata. Ga tsoron alade. Duk abin da aka yanka ƙanana aka lulluɓe da miya ba na taɓawa, kuma ba ni da bakin tambaya. Sai in tsakuri farar shinkafa in tashi. Nainai tana tsaye a bayanmu tana kallon kwanona. A aji ma ni ne kurma. Malam Jang zai furta kalma da murya mai hawa da sauka, Turawan nan su maimaita, in aka zo kaina sai in ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ni da aka sani da surutu a ofis, na wayi gari ina yini ban haɗa kalma uku ba. Kewar gida ta kama ni sosai, har nakan shiga banɗaki in gaishe da kaina da Hausa in amsa.

Ran nan da la'asar, don a lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya fara sauka, na hau sama bayan aji sai na tarar da kwano a kan ɗan teburin nan. Shinkafa ce mai tururi an tula ta, kifi guda sukutum a gefe, da lemo ɗaya, da ɗan kofin shayi. An soke 'yan sandunan biyu a tsaye a tsakiyar shinkafar. Turaren yana ci.

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san ma'anar kwano a bakin ƙofar baƙo. Innata ba ta taɓa barin baƙon unguwa ya kwana ba a kai masa tuwo ba, kuma ba ta tsayawa a yi mata godiya. Na ce Allah sarki, tsohuwar nan ta lura ba na ci, ta dafa mini kifi don in ga abin da nake ci da idona. Hawaye ya zo mini. Na zare sandunan na ajiye, na shiga ɗaki na yi bisimilla, na ci da hannu har na suɗe. Sannan na wanke kwanon tas a famfon banɗaki. A gidanmu ba a mayar da kwanon mutane haka nan, sai na ɗauko goro ɗaya daga cikin 'yan waɗanda Inna ta ƙunsa mini, na saka a ciki, na mayar kan teburin.

Washegari da safe na sami Nainai a kicin, na rusuna na ce mata na gode, ɗaya daga cikin kalmomi huɗun da na iya ke nan. Ko kallona ba ta yi ba. Tana tsaye gaban tukunya, idonta a buɗe. Na ce kawaici ne irin na manya.

Daga ranar kullum kwano yana jirana, kuma kullum kifi. Ni ma ban fasa ba: yau dabino, gobe alewa, jibi goro. Jikina ya fara dawowa. Sai dai gidan ya fara canjawa ta hanyar da ban gane ba.

Nainai, wadda tun zuwana ban ji muryarta ba, ta fara waƙa a kicin. Ta soke wata 'yar jar fulawa a gashinta. Sannan ta fara hawowa sama bayan na shiga ɗaki. Ina zaune bakin gado da littafi, sai in ji matakalar tana ƙara ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ta tsaya a bayan ƙofata. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, doguwar magana. Ta yi shiru kamar mai sauraron amsa. Ta yi 'yar dariya, ta ci gaba. Da farko na ɗauka da ni take, kunyar rashin baki ta hana ni buɗewa. Amma shirun nan da take yi shi ya fara tayar mini da tsigar jiki, don ba shirun mai jira ba ne, shirun wanda ake ba labari ne. Wata rana na yi ta maza na buɗe ƙofar. Tana durƙushe gaban teburin. Ta ɗago kai ta dubi bayan kafaɗata, can cikin ɗakin wajen kabad ɗin nan, ta yi murmushi. Na waiwaya da sauri. Babu komai sai 'yar rigar ruwata a rataye.

Tun daga ranar nake karanta Ayatul Kursiyyu kafin in juya wa kabad ɗin baya.

Ranar Juma'a ce kawai nake numfashi. Nakan shiga bas in je masallaci cikin gari, kuma a bas ɗin ne na haɗu da Bitrus, kwandasta, mutumin Pankshin. Na taka ƙafar wata mata na ce "wayyo, yi haƙuri" ban sani ba, sai na ji daga baya an ce, "Kai! Wane ne wannan da Hausa a motata?" Ranar bai bar ni na tafi ba sai da ya tashi aiki ya kai ni flat ɗinsa, matarsa ta tuƙa mana tuwon garin shinkafa da miyar kuka. Na yi surutu kamar an ɓalle famfo. Da na ba shi labarin kwanon, ya ajiye lomarsa.

"Malam Isiyaku, ka yi asking na wane ne?"

"Na wane ne kuma? A bakin ƙofata fa ake ajiyewa."

"Nan ba gida ba ne o. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, ko landlady ɗina ba ta taɓa ba ni ruwan zafi free ba."

Na ce masa ai mutanen Sin ba Turawa ba ne, suna da mutunci irin namu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya sa.

Cikin wata na biyu na yi abin da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Goro da dabino sun ƙare, ba ni da abin sakawa a kwano. A lokacin mun fara koyon rubutu da buroshi, sai na ce bari in nuna wa tsohuwa ina ƙoƙari. Na zauna gaban ɗan allon nan na katako, wanda na ɗauka addu'ar maraba ce, na kwafi manyan haruffa ukun da ke tsakiyarsa a kan 'yar takarda, na naɗe na saka a kwanon. Da la'asar ɗin washegari na ji ta hawo. Na ji ƙarar takardar. Sai wani sauti ya fito daga bakinta, ba kuka ba, ba dariya ba, wanda ya sa na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki ban san na miƙe ba.

Kashegari, ban da kwano, an ajiye wata suwaita mai kauri, shuɗiya, a ninke. Warin kafur ɗin ɗakina ne a jikinta. Sanyi ya fi ƙarfin tunanina, na saka. Ta zauna mini cif kamar da ni aka auna. A ɗaki kawai nake sa ta, amma wata yamma na fito da ita zan ɗebo ruwan alwala, fitilar matakala ba a kunna ba, sai na ga Nainai a ƙasa tana riƙe da ƙarfen bene. Ta ɗago kai ta gan ni a cikin duhu-duhun nan.

"Ahai," ta ce, a hankali. "Ahai."

Ba sunana ba ne, kuma ba kalma ce da aka koya mana ba. Na koma ɗaki na kulle, na yi taimama a bango.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci kunnena ya fara buɗewa. Yawan sauraron Nainai ta bayan ƙofa ya sa kalmomi suka fara rabuwa da juna a kaina. Na fara tsintar "ci", da "sanyi", da "uwa", da "dawo". Bakin ne dai har yanzu a ɗaure, ga jarrabawa saura sati biyu da 'yan kwanaki. Na haddace wani ɗan jawabi da Malam Jang ya rubuta mana: sunana wane, mu biyar ne a gidanmu, yau akwai rana.

Farkon watan Afrilu, da itatuwan dajin suka fara toho, Malam Jang ya shigo aji ya ce yau rana ce da mutanensu suke share kaburbura. Ya ɗauki alli ya fara zane yana bayani. Wannan shi ne darasin farko da na gane daga farko har ƙarshe, kuma da ma ban gane ba. Ya zana teburi. Ya zana kasko da turare. Ya zana kwano, ya tula shinkafa, ya soke sanduna biyu a tsaye. Ya ce mai rai ba ya soke sanduna haka, kuma mai rai ba ya taɓa kwanon da aka soke, don abincin matattu ne. Wata Baturiya ta tambaya ko har yanzu ana yi. Ya gyara tabarau, ya ce tsofaffi suna yi, shi dai ba ruwansa. Sannan ya zana ɗan allo, ya rubuta haruffa uku a tsakiya. Na san su kamar tafin hannuna.

"Yayana ne," ya ce. "A gida Ahai muke ce masa. Ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ya dawo da ciwon ƙirji, ya rasu shekara tara da suka wuce." Ya nuna sama da allin. "A can."

Ban san yadda na fita daga ajin ba. Na yi amai. Wata biyu da rabi ina cin abin da aka ajiye wa mamaci, ina yin bisimilla a kai. Ina kwana a gadon da ya cika, ina sa rigarsa. Kuma da hannuna na rubuta sunansa na aika wa uwarsa. Na yi istigfari iya iyawata, amma tsoron Allah daban, abin da na ji game da tsohuwar nan daban.

Da la'asar kwanon yana nan yana tururi. Na raɓa ta gefensa na shige.

Ranar Juma'a na zayyana wa Bitrus komai. Bai yi dariya ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa.

"Ka je ka yi confessing kawai," ya ce.

"Ita ce fa jarrabawar, Bitrus. In ta ji ni na cinye abincin ɗanta, kai kawai za ta girgiza, shi ke nan an yi packing ɗina."

"To ka ci gaba da ci har a gama exam."

"Ba zan iya ba."

"To ɗan'uwa, ba ka iya gaba, ba ka iya baya. Me kake so in ce?"

Na zaɓi abin da matsorata suke zaɓa, na yi shiru. Kwana ɗaya, biyu, uku, kwano yana zuwa yana komawa da sanyinsa. Waƙar kicin ta tsaya. Jar fulawar ta ɓace. Maganar bayan ƙofa ta koma tambaya ɗaya da take ta maimaitawa, kuma kaicona, yanzu ina ganewa: "Me na yi maka? Me ya sa ba ka ci?" Ran na biyar ta daina cin nata abincin. Ran na bakwai ta kwanta, Malam Jang ya shiga kicin da kansa, likita ya zo ya tafi bai ga komai ba. Amma ko a hakan ba ta fasa ba. Da la'asar sai in ji wani sabon sauti a matakala, ja da tsayawa, ja da tsayawa. Da rarrafe take hawowa, tana tura kwanon gabanta mataki ɗaya ɗaya.

Ran na tara na tsaya gaban kwanon bayan ta sauka. Loma uku kawai, na ce wa kaina, tsohuwa ta tashi, in karanta mata mu biyar ne a gidanmu, kowa ya huta. Har na miƙa hannu. Sai na ga in na ci yau da sanina, na zama fatalwa da gangan, kuma ranar da zan bar gidan sai ɗanta ya sake mutuwa. Na janye hannuna, na shiga ɗaki na ɗauko ƙamus. Kwana huɗu ina haɗa kalmomi kamar mai tsintar hatsi a rairayi.

An yi jarrabawar da hantsi a ɗakinta, tana jingine da matasai, ta rame har ta koma kamar yarinya. Malam Jang yana tsaye bakin taga. Turawan suka shiga ɗaya ɗaya suka fito. Da aka kira ni na shiga da suwaitar a ninke, kwanon a kanta. Na ga fuskar Malam Jang ta canja. Na durƙusa a gaban gadon kamar yadda zan durƙusa wa Inna, na buɗe baki da Sinancina mai ɗingishi.

"Nainai. Kifi, ni na ci. Shinkafa, ni na ci. Ba Ahai ba ne. Takarda, ni na rubuta, ban san suna ba ne. A ƙasarmu, baƙo ya zo, uwa ta ajiye kwano a ƙofa. Ina jin yunwa. Na ga kwano, na ce ina da uwa a nan. Na yi laifi babba. Ki ci abinci, Nainai. Ni zan koma gida."

Can a kogi jirgi ya yi kuka. Na sunkuyar da kai ina jiran girgizawar.

"Na sani," ta ce.

Na ɗago.

"Ahai bai taɓa wanke kwano ba, ko da yana da rai." Ta yi magana a hankali, kalma kalma, don in gane. "Shekara tara ina hawa da abinci da zafi, ina saukowa da shi da sanyi. Ranar da na ga kwano babu komai, na ce to, shi ba shi da baki, wannan baƙin yaron ba shi da uwa. Sun shirya tsakaninsu. Da ka daina ci, na ce sun yi faɗa, ko ni na ɓata musu."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani gwangwanin biskit, ta buɗe, ta fara fito da abubuwa tana jerawa a kan bargo. Busasshen goro. Ta tura mini shi, ta ce, "Wannan kai ne." Dabino. "Kai ne." Alewa, alewa, wani goron. "Kai ne." Takardar ma ta warware ta, ta ce hannun Ahai bai kai wannan muni ba, ta turo. Saura abu ɗaya a gindin gwangwanin. Ta ɗago shi ga haske. Maɓalli ne na tagulla, da zanen ƙugiyar jirgin ruwa a kansa.

"Wannan fa?" ta ce, tana kallon cikin idona.

Ban taɓa ganinsa ba. Na ce mata ban taɓa ganinsa ba.

"Na sani," ta ce. "A kwanon na same shi, tare da goronka na farko. Wannan ba kai ba ne." Ta dunƙule hannunta a kansa, ta kai ƙirji.

Malam Jang ya yi gyaran murya, ya yi tambayar da yake yi bayan kowane ɗalibi: ta gane shi? Ta ce ta gane, ya kawo mata kunun shinkafa, yunwa take ji.

A matakala Malam Jang ya cim mini. Ya kama hannun rigata, kuma a cikin gidan da ya kafa wa doka, ya yi mini Turanci.

"Da rigar da ke da maɓallan nan aka binne shi. Ni na ɓalla masa su da hannuna."

Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa cin kifi. Na sha gaya wa kaina wataƙila ta yanke maɓalli ɗaya kafin a rufe shi ta manta, ko ya faɗo daga wata kafa ta rufin. Amma ni na wanke kwanon nan ranar farko, ni na goge shi da gefen rigata, kuma na san abin da na saka a ciki.

Bayan kwana uku ta miƙe. Da na hau sama da la'asar na tarar da kwano biyu a kan jan ƙyallen. Ɗaya da sanduna a tsaye. Ɗaya da cokali a kwance a gefensa, an ɗan jawo shi wajen ƙofata. Na ɗauki mai cokalin na yi bisimilla. Haka muka yi har na cika shekarata a gidan, kullum in wanke nawa in saka ɗan wani abu. Ɗayan kuwa, duk ranar da zan wuce ta gabansa, sai in kau da kai, don ba na so in san ko a cike yake.